Tafiya Daura da 'Yar Jif

A wannan mako ina so in ba ku labarin hanyar Daura, da na motar da ta ke kai mu can tun shekarar 2015.

Motar nan Toyota RAV4 ce, ƙirar 2008, irin wadda a ke rataya safayar taya a ƙofar bayanta. A Japan aka fara ƙera irinta cikin 1994, don masu son mota mai tsawon ƙafa amma ba ƙatuwa ba. Ta hannu maigida ya sayo ta, watau 'yar Kwatano. Ran da ya kawo ta na ɓata rai, na ce, "Malam, ina mu ina jif, ga kuɗin makarantar yara?" Ya ce in bari mu je gida tukuna.

Daga Kano zuwa Daura wajen mil 80 ne. Mu kan tashi da asuba, mu bi ta Dambatta, hantsi ya same mu a Kazaure ta Jihar Jigawa, inda duwatsu su ke kewaye da gari. Nan mu kan tsaya yara su karya kumallo. Daga nan sai Daura, tsohon gari mai tarihi. 'Yan makaranta, in kun je kada ku dawo ba ku ga rijiyar Kusugu ba, wadda a ke cewa a cikinta Bayajida ya kashe macijiya. Har yanzu a na ɗiban ruwanta.

To, duk wannan kwalta ce, kowace mota ta iya binta. Aikin ya na farawa ne daga inda kwalta ta ƙare. Ƙauyen surukata ya na can cikin jigawa, hanya duk rairayi. Da rani ƙananan motoci su kan kafe, cikinsu ya zauna bisa yashi, sai an kira samari sun tura. Tamu kuwa da ya ke cikinta ya yi nisa da ƙasa, kuma ta na ja da ƙafa huɗu, sai ta bi a hankali ta wuce. In yashi ya yi zurfi, maigida ya kan rage wa tayoyi iska kaɗan, in mun koma kwalta a ƙara musu. Da dawowa kuma a kwantar da kujerun baya, a loda buhun gero biyu, da wake, da kaji cikin akurki.

Amma ranar da ba na mantawa ita ce wata Laraba cikin watan Agusta. Aka aiko Inna ba ta da lafiya, maigida kuwa ya yi tafiya. Allah ya sa na koyi tuƙi, sai na ɗauki 'yata ta fari muka kama hanya. Muka ɗauko Inna za mu kai ta asibiti a Daura, sai muka tarar ƙoramar da muka ƙetare da safe ta kawo, ruwa ja wur ya na gudu. Waɗansu samari suka ce, "Hajiya, ai jif ce, ki shiga kawai!" Zuciyata ta so. Amma na tuna abin da bakanike ya gaya mini: in ruwa ya kai inda inji ya ke shaƙar iska, inji ya mutu nan take, ruwa mai gudu kuma ya kan ɗauki mota komai girmanta. Inna ta ce, "'Yar nan, mu jira, mai haƙuri ya kan dafa dutse." Muka zauna ƙarƙashin wata tsamiya har la'asar. Da ruwa ya janye, wani yaro ya shiga da sanda ya gwada mana, bai kai gwiwa ba. Na sa giya ta ƙasa, na bi sannu. Kafin magariba Inna ta na gadon asibiti. Ta warke, alhamdu lillahi.

Kada ku zaci ba ta da aibi. Ta fi ƙaramar mota shan mai, kuma tun da aka janye tallafin fetur cikin Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, muka rage zuwa gida. Tayoyinta da tsada. Hanyar ƙauye ta kan cinye mata kayan ƙafa, sai maigida ya nufi Kofar Ruwa neman waɗansu. Ƙurar hunturu kuma ta kan toshe matatar iska.

Shawarata gare ku ita ce, in akwai mota a gidanku, kada ku ce ta maza ce. Ku koyi duba baƙin mai, da ruwan lagireto in inji ya huce, da iskar taya, har ta safaya. Wata rana ke kaɗai za a samu a gida.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.