Yadda Muka Sa Baba Ya Ci Naman Talotalo

A wannan makon mun kawo muku labarin abin da ya faru a gidanmu, domin mun san ba gidanmu kaɗai ne ke fama da irinsa ba.

Mu uku ne a ɗakin Innarmu: Yaya da ke babbar sakandare, sai mai wannan rubutu, sai Auta ɗan aji huɗu a firamare. Babanmu direban jirgin ruwa ne. Yana ɗauko mutane da buhunan albasa daga ƙauyukan bakin ruwa zuwa Yelwa. Tun muna ƙanana mun san ba ya wasa da abu biyu, sallar asuba da naman sa. In zai dawo gida da dare sai ya biya wajen mai tsire ya sayo balangu, ya ce a yanko masa ta wajen kitsen. Ko a miya ne, in Inna ta zuba masa tsoka zalla sai ya tambaya ina rabonsa na kitse.

Bara da ƙarshen damina, wata rana yana tsakiyar ruwa, jirgi cike da fasinja, jiri ya ɗebe shi. Allah ya sa yaron jirginsa yana kusa, ya karɓi injin. Da aka kai shi asibiti aka auna jininsa, aka ga 170 bisa 105. An yi wa Inna bayani cewa na mai lafiya yakan tsaya kusa da 120 bisa 80, kuma daga 140 bisa 90 zuwa sama hawan jini ne. Likita ya rubuta masa maganin da zai riƙa sha kullum. Ya ce ya rage gishiri da magi, ya bar kitse, in kuma zai ci nama ya ci marar maiƙo, kamar kifi ko kaza ko talotalo, a cire fatar.

A lokacin muna da wani ƙaton talotalo a gida. Gwaggonmu ta Ngaski ce ta ba Inna shi tun yana ɗan tsako, mu kuma muka yi ta ɗawainiya da shi, duk da ba ya da aiki sai bin Auta da sara. An shirya za a sayar da shi a watan Disamba, lokacin da maƙwabtanmu Kirista ke neman sa don Kirsimeti, a ɗinka mana sabon yunifom da kuɗin. Da Inna ta ga Baba ya kwana uku yana ture kwano, sai ta kira mu ta ce: "Ku yi haƙuri da yunifom ɗin nan. Lafiyar ubanku ta fi." Babu wanda ya ce uffan. Kashegari aka yanka talotalo, aka kasa naman a leda, aka kai ajiya firinjin wata maƙwabciyarmu mai sayar da ƙanƙara.

Girkin farko bai yi ba. Inna ta tsorata da maganar likita, don haka ta dafa tsokar ƙirjin da ruwa zalla, babu gishiri, babu mai, ta daɗe a wuta, sannan ta daka ta a turmi kamar za a yi dambu. Abin ya fito fari fat, a bushe. Baba ya kai loma ɗaya baki, ya tauna, ya tauna, ya ce: "Wannan nama ne ko auduga?" Ya sha ruwa ya tashi. Mu kuwa muna gefe muna cin tuwonmu da miyar kuka mai naman sa, ƙamshinta ya cika tsakar gida.

Bayan kwana biyu Yaya na wanki, sai ta tarar da takarda a aljihun rigar Baba, ta jiƙe da maiƙo, da sauran yaji a jiki. Ashe ya koma wajen mai tsire a ɓoye. Ranar ba mu yi barcin kirki ba. Mun rasa yunifom, kuma ga shi abin da aka rasa shi dominsa bai samu ba. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne tunanin jiri ya sake ɗibarsa a kan ruwa ranar da babu kowa kusa da inji.

Da safe muka je wajen malamarmu ta darasin tattalin gida, muka faɗa mata komai. Ba ta yi mana dariya ba. Ta ce laifin ba na talotalo ba ne, kuma ba na Inna ba ne. A giram 100 na tsokar ƙirjin talotalo marar fata, kitsen bai fi giram 2 ba, alhali niƙaƙƙen naman sa mai maiƙo yakan kai giram 20. Kitse shi ke riƙe ƙamshi, shi ke sa nama ya yi laushi a baki. Kusan kashi uku cikin huɗu na ɗanyar tsoka ruwa ne, kuma in ta daɗe a wuta sai ta matse ta fitar da ruwan. Naman sa yana da kitsen da zai rufa masa asiri, talotalo kuwa ba ya da shi. Ta ce asalin tsuntsun daga Meksiko da Arewacin Amurka yake, Turawan Sifen suka kai shi Turai kimanin shekara 500 da suka wuce. A Amurka ana sayar da namansa a niƙe don masu gudun kitsen naman sa, kuma su ma kukansu ɗaya da na Baba, wato bushewa da rashin ɗanɗano. Ta ce mana: "Duk abin da kitse da gishiri ke yi, ku nemo wani abin da zai yi shi. Ku mayar masa da ruwa, ku ba shi ƙamshi, kada ku bar shi ya daɗe a wuta."

Da muka kawo wa Kaka wannan bayani, sai ta yi tsaki ta ce duk wannan ai ta san shi ba tare da allo ba. Ta ce a da ba kullum ake samun naman sa ba, da daddawa da kifin banda ake miya, har a lashe kwano. Ita ce ta sa muka daka busasshen warangi, ƙananan kifin nan na tafki, ya zama gari. Ta kuma hana mu sayen yaji a kasuwa, domin yawancinsa cike yake da gishiri da magi. Muka haɗa namu da ƙuli-ƙuli da citta da masoro da barkono.

Muka roƙi Inna ta ba mu leda ɗaya ta nama mu gwada. Sau uku muka yi kafin mu dace. A karo na farko mun cika albasa, muna zuba dunƙulen naman a kasko ya watse. A karo na biyu mun sa ƙwai da garin ƙuli-ƙuli, ya kama jikinsa, amma mun cika kaskon maƙil, ruwa ya fito, naman ya dahu maimakon ya soyu, ya yi launin toka. Auta ne ya cinye shi, shi ba ya zaɓe. A karo na uku ne muka gane sirrin wutar.

Ga yadda muka yi, ko wani zai so ya gwada. Mun ɗauki kamar rabin kilo na nama, kashi biyu ƙirji, kashi ɗaya cinya, domin tsokar cinya ta fi laushi da ɗanɗano. Mun cire fata, muka yayyanka shi ƙanana, muka daka a turmi yana ɗanye, amma ba mu bari ya yi laushi kamar fura ba. Muka goge babbar albasa ɗaya irin tamu ta Yauri, muka zuba har da ruwanta. Muka daka tafarnuwa ƙwaya 3, ɗanyar citta, attarugu 1, masoro, kanumfari 2, kimba kaɗan, da daddawa guda ɗaya wadda ba a sa mata gishiri ba. Sai cokali 1 na garin kifi, cokali 2 na garin ƙuli-ƙuli, da ƙwai 1. Gishiri ɗan abin da yatsa biyu suka ɗauka ne kawai, magi kuwa ko ɗaya. Muka cuɗa a hankali, muka rufe, muka bar shi kamar rabin awa kayan ƙamshin su shiga.

Daga nan muka dunƙula shi ƙanana, muka ɗan danne kowanne ya yi faɗi kamar masa. Muka ɗora kasko ya yi zafi sosai, muka zuba man gyaɗa cokali 1 kacal, muka jera guda biyar-biyar da tazara a tsakaninsu. Abu mafi wuya shi ne haƙuri. Hannu yana ƙaiƙayin juyawa, amma sai an bari gefen ya yi ja tukuna, domin a wannan jan ne ƙamshin gashi yake, irin wanda ke jan mutum zuwa wajen mai tsire. Kamar minti huɗu kowane gefe ya isa. Malama ta gargaɗe mu cewa naman tsuntsu dole ya dahu har ciki, zafin tsakiyarsa ya kai digiri 74, don kashe ƙwayoyin cuta. Mu ba mu da ma'auni, sai muka riƙa fasa guda ɗaya mu duba: in babu sauran ja a ciki, ruwansa ya fito garau, sai mu sauke nan take. Muka wanke turmi da wuƙa da hannuwanmu da sabulu. A ƙarshe muka matsa lemun tsami, muka barbaɗa yajinmu. Tsami yana tada harshe, har mutum ya manta gishiri ya yi kaɗan.

Kafin a kai wa Baba, Kaka ta kawo wata magana da ba mu yi tunaninta ba. Ta ce: "Kun ware shi da kwano kamar wanda ya yi laifi. Yana cin lami, yana jin ƙamshin miyarku, ta yaya ba zai je wajen mai tsire ba? Tukunya ɗaya za a yi." Inna ta yarda. Daga ranar aka rage gishiri da magi a abincin gidan gaba ɗaya, har da kanwa, domin Malama ta ce ita ma tana ɗauke da sinadarin sodiyam irin na gishiri.

Da dare muka shimfiɗa tabarma, kowa da shinkafarsa da dunƙulen talotalo da yankakken tumatir da albasa. Baba ya ɗauki ɗaya ya shinshina, ya gutsura. Mu duka mun daina tauna muna kallonsa. Bai ce komai ba, ya ɗauki na biyu. Da ya cinye na huɗu sai ya ɗago kai ya ce: "Wa ya yi wannan?" Inna ta nuna mu. Ya ce: "To, bai kai na sa ba, kada in yi muku ƙarya. Amma yana ciwuwa. Da saura?" Auta ya tashi da gudu ya ɗauko kaskon.

Gaskiya makon farko mu ma mun sha wuya. Miyar ta yi mana salam, har Auta ya ɓoye gishiri a aljihu. Amma bayan kamar mako uku harshenmu ya saba. Yanzu in muka ci abincin biki, gishirin ne ke fara dukan bakinmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba, kuma a cikin lissafin har da wanda ke cikin magi da burodi da yajin tsire.

Talotalo ɗaya ba ya shekara. Cikin mako biyu ya ƙare, kuma ba mu da kuɗin sayen wani. Sai muka juya ga abin da Allah ya ba mu a ƙofar gida. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968 tafkin yake ciyar da mutanen Yauri da Ngaski da kifi. Muka gwada dabarar nan da giwan ruwa da ƙarfasa da tarwaɗa, muka zare ƙaya muka daka. Kifi ya fi saurin dahuwa, kuma ba ya son albasa da yawa, amma sauran duk ɗaya ne. Mun gwada da kaza, mun gwada da awara. Na giwan ruwa ne Baba ya fi so.

Da ya koma asibiti bayan wata biyu, awonsa ya sauko zuwa 138 bisa 88. Ba mu ce girkinmu kaɗai ne ya yi wannan ba, domin yana shan maganinsa kullum, kuma Yaya ce ke tuna masa bayan sallar asuba. Bai bar tsire gaba ɗaya ba. Wata Juma'ar yakan sayo, amma yanzu tsoka yake cewa a ba shi, kuma a gida yake buɗe takardar, kowa ya ɗauki yanka. Yaya ba ta sake ganin maiƙo a aljihunsa ba.

Abin da muka koya shi ne, abincin marar lafiya in ba daɗi ba zai daɗe yana cinsa ba, ko da likita ya faɗa sau goma. Kuma ya fi sauƙin ci in duk gida shi ake ci. Muna kira ga 'yan uwanmu ɗalibai, ku tambayi iyayenku yaushe rabonsu da auna jini, domin hawan jini sau da yawa ba ya nuna alama sai ya yi ɓarna. Ranar 17 ga Mayu ta kowace shekara ita ce ranar hawan jini ta duniya, amma ba sai an jira ta ba. In kuma a gidanku akwai wanda aka hana kitse da gishiri, ku shiga madafa ku taya iyayenku mata neman dabara.

Yunifom dai da tsohon muka ƙarasa shekara. Duk wanda ya ga faci a hannun rigarmu a wajen taron safe, to yanzu ya san dalili. Gwaggo ta sake aiko mana da 'yan tsaki biyu, kuma tun yanzu ɗaya ya fara bin Auta.

Daga wata ɗalibar aji biyu, ƙaramar sakandare.