Daga Damagaram zuwa Gure: abin da muka gani a ƙafafun yara

 

A watan Janairu na shekarar 2025, ana tsakiyar hunturu, mahaifinmu ya aike mu daga Damagaram zuwa wani ƙauye da ke arewa da Gure, da saƙon da babu mai son ɗauka. Akwai wani almajirinsa, yaro ɗan shekara 13, wanda aka kawo karatu shekara biyu kafin nan. Tun zuwansa yana da ɗan kumburi a gefen ƙafarsa ta dama, babu zafi babu raɗaɗi, yana gudu da tsalle kamar sauran yara. Mun gani, muka ɗauka tabon tuntuɓe ne. Sai wata safiya yana alwala a tsakar gida mahaifiyarmu ta lura kumburin ya huje wuri uku, yana zubar da ruwa tare da wasu baƙaƙen tsaba ƙanana kamar kan allura. Likita ya duba, ya ɗauki hoton ƙafar, ya ce sai an sha magani na watanni sa'an nan a yi aiki, kuma ba zai sa wuƙa ba sai da yardar uban yaro. Malam ya ce irin wannan magana ba a yin ta a wayar salula, amanar da aka kawo har ƙofar gida sai a je har ƙofar gida a ba da bayaninta.

Mun fito bayan sallar asuba, hazo ya rufe duwatsun Birni. A tasha, kafin mota ta cika, muka zauna kusa da mai shayi, kuma da yake zuciyarmu tana kan ƙafa guda, ƙafafu muka riƙa gani ko'ina. Yaran da ke kewaya motoci da ƙoƙo, kusan kowanne dunduniyarsa ta yi fari fat da kaushi, wasu faso ya tsaga har yana jini, suna tafiya a kan yatsu don kada tsagar ta taɓa ƙasa. Mun saba da ganin haka har mun daina ɗaukarsa ciwo, alhali kuwa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Iskar hunturu tana busar da fata, silifa ba ta rufe dunduniya, nauyin jiki kuma yana buɗe busasshiyar fatar duk lokacin da aka taka. Maganin bai fi ƙarfin kowane gida ba: a jiƙa ƙafa a ruwa mai ɗumi kamar minti goma da dare, a goge kaushin a hankali da dutse, a tsane, a shafa man kaɗe ko basilin, in da safa a sa a kwana da ita. Baƙin man mota da wasu ke ɗurawa a faso dauɗa yake ƙarawa, haka nan yanke kaushi da reza.

Kafin mota ta tashi mai yankan farce ya zo da almakashinsa, ya yi wa mutum huɗu a jere bai wanke ba. Ƙarfen da ya taɓa jinin wani yana iya ɗauko ciwon hanta ya kai wa na gaba, saboda haka ya kamata kowane gida ya mallaki abin yankan farcensa. Mun kuma lura da yadda yake bin gefen farce yana ƙwaƙule kusurwa, abin da mutane ke yabawa a matsayin gwaninta. A ƙafa, wannan ne ke sa farcen babban yatsa ya tsiro ya shige cikin nama, wurin ya kumbura ya yi ja, har yaro ya ƙi sa takalmi. Farcen ƙafa miƙe ake yanke shi, a bar kusurwoyinsa a waje, kada a yi ƙasa da shi ƙwarai. Idan ya fara shiga, a riƙa jiƙa yatsan a ruwan ɗumi da ɗan gishiri, in ya tara mugunya kuwa sai gidan likita.

Kilomita 18 daga Damagaram muka iso Mirya, garin lambuna. Dattijon da ke zaune kusa da mu ya ɗage ƙafar wandonsa ya nuna mana tabo biyu a idon sawu, ya ce kurkunu ne, kuma a ƙuruciyarsa akwai daminar da rabin masu noma na ƙauyensu suka yi ta a kwance. Yaran yau ba su san wannan cuta ba. An ga mutum na ƙarshe da ya kamu da ita a cikin Nijar a shekarar 2008, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa ƙasar ta rabu da ita. Kurkunu ba shi da allura, ba shi da ƙwayar magani. Da tace ruwan sha da ƙyalle, da haƙa rijiyoyi, da hana mai ciwon tsoma ƙafa a tafki aka kore shi. Muka ce a ranmu, mutanen da suka iya wannan, faso da ƙaya ba za su gagare su ba in sun sa kansu.

A Gidimuni hanya takan bi kusa da tafki, ga lambuna kore shar a tsakiyar rairayi. Direba ya tsaya zuba ruwa a mota, muka sauka. Yara ne cikin ruwa har gwiwa, wasu na ban ruwa, wasu na wankin kaya. Wata yarinya tana zaune a bakin ruwa tana sosa tsakanin yatsunta, fatar wurin ta yi fari ta saɓule. Wannan shi ne cin ruwa, kuma ƙwayar da ke kawo shi dangin wadda ke kawo makero ce a kan yara. Tana son danshi da matsi, shi ya sa ta fi kama tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi, ta fi kuma damun masu takalmin roba rufaffe. A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Muna koya wa yara tsettsefe yatsun ƙafa a alwala, amma ba mu koya musu barin ƙafar ta bushe kafin a cusa ta a takalmi. Akwai man shafawa da ake samu a gidan likita, ana shafa shi mako biyu zuwa huɗu, kada a daina don ƙaiƙayi ya lafa. Ruwan da ke kwance irin wannan yana da wani haɗarin kuma, domin ƙwayar tsargiya ta fata take shiga. Yaron da ke fitsari da jini magani yake bukata, ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke faɗa. Haka kuma ƙasa mai danshi inda ake bahaya a fili, akwai tsutsar ciki da ke huda tafin ƙafa ta shiga jiki, ta je hanji ta riƙa shan jini har yaro ya ɗashe.

Bayan Gidigir wata mata ta kwance ƙunshinta tana neman abin ba ɗanta, sai ga wasu ƙananan takalma biyu haɗe da sandar ƙarfe. Ta ga muna kallo, ta ce an haifi yaron da ƙafafu a murɗe, tafin yana kallon ciki, dangi suka ce haka Allah ya yi shi, a bar shi. Ita kuwa ta tafi Yamai ta zauna wurin ƴar'uwarta wata biyu, ana kai shi asibitin yara na CURE, wanda aka buɗe a 2010. Kowane mako ana miƙe ƙafar kaɗan a ɗaure da filasta, daga baya aka yi ɗan ƙaramin aiki a jijiyar dunduniya, aka ba shi takalman nan ya sa dare da rana wata uku, yanzu kuma sai da dare kawai har ya kai shekara huɗu ko biyar. Wannan hanya ita ake kira da sunan likita Ponseti. Kimanin jariri ɗaya cikin 1,000 ake haifa da irin wannan ƙafa, kuma mafi yawansu suna miƙewa idan an fara da wuri, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron yana tsaye a kan cinyarta, tafin ƙafarsa a shimfiɗe sarai. Sai dai kada a haɗa wannan da ƙafar ƙaramin yaro da ba ta da loko a tsakiya, ita wannan yawanci takan gyaru da kanta wajen shekara shida.

Mun isa Gure da hantsi, bayan tafiyar kimanin kilomita 160. Gari ne a gindin tuddai, daga nan kuma ƙasar Manga ke buɗewa da tudun rairayi da kwaruruka masu dabino da goriba da kanwa. Amalanke muka hau zuwa ƙauyen. Duk inda ido ya kai itatuwa ne masu ƙaya, aduwa da magarya da farar ƙaya, ƙasa kuma ƙarangiya da tsidau. Yara masu kiwon awaki suna ratsa wannan daji, da yawansu ba takalmi, kowanne in ƙaya ta soke shi sai ya ɗaga ƙafa ya zare ya ci gaba. A nan muka fahimci bayanin da likita ya yi mana. Cutar da ta kama almajirin Malam ana ce mata misetoma, ƙwayarta a cikin ƙasa take zaune, ƙaya ce ke tura ta ƙarƙashin fata. Ta fi yawa a busassun ƙasashe irin namu, daga Senegal har Sudan, kuma a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Iri biyu ce. Akwai wadda ƙwayoyin magani kaɗai ke iya warkarwa, akwai kuma mai baƙar tsaba wadda sau da yawa sai an haɗa da aiki. Mugun halinta shi ne rashin zafi. Tana cin nama a hankali shekara da shekaru, in ta kai ƙashi sai a rasa abin yi ban da yanke ƙafar.

Uban yaron ya tarbe mu da ruwa da dabino. Bayan gaisuwa muka isar da saƙo kamar yadda aka ba mu, ba mu ɓoye cewa mun daɗe muna ganin kumburin ba. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce: "Ɗan Malam, ƙayar nan na san ta. A gabana ta soke shi, da hannuna na cire, na ga kamar ta karye a ciki, na ce za ta fito da kanta." Muka ce: "Baba, laifin ba naka kaɗai ba ne, shekara biyu yana alwala a gabanmu." Ya tambaya ko za a yanke ƙafar, muka gaya masa likita ya ce hoto ya nuna ba ta kai ƙashi ba. Ya tashi ya shiga garke, ya kamo akuya biyu ya ɗaure don kasuwa, ya ce gobe tare za mu koma. Da dare muka ga ya kira sauran ƴaƴansa uku, ya haska fitila yana duba tafin ƙafarsu ɗaya bayan ɗaya.

An yi wa yaron aiki bayan watannin magani, yau yana tafiya da ƙafarsa, da tabo mai faɗin tafin hannun jariri. Har yanzu ana kai shi a duba, domin cutar takan dawo. A makarantar mahaifinmu kuwa an kafa sabuwar al'ada. Kowace Alhamis, ranar da babu karatu, almajirai sukan zauna a jere a kan tabarma su miƙe ƙafa, babban ɗalibi ya bi su da sabulu da man kaɗe, kowane yaro da abin yankan farcensa. Duk wanda aka ga yana da rauni, ko kumburi, ko gyambon da ya wuce mako biyu bai warke ba, ana kai shi gidan likita a ranar Asabar.

Muna roƙon iyaye su ɗauki irin wannan a gidajensu, ko da sau ɗaya a mako. A duba dunduniya, da tafi, da tsakanin yatsu, da farce. Ƙaya ko ƙusa in ta soki yaro, a cire ta duka, a wanke wurin da ruwa da sabulu, a rufe, a kuma duba katin rigakafinsa saboda cutar tetanos mai sanƙarar da jiki, wadda ke shiga ta irin wannan rauni. Kada a cusa toka ko ƙasa ko kashin dabba a ciwo. Jaririn da hannuwansa da ƙafafunsa ke kumbura yana kuka ba dalili, a gwada jininsa, domin sau da yawa haka sikila ke fara nuna kanta. Wajen sayen takalmin Sallah a tafi da yaron kasuwa, a gwada yana tsaye, a bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsansa da bakin takalmi. Ƙafar yaro tana girma da sauri, takalmin bara in ya matse a ba ƙane. Wanda zai tura yaro kiwo ko neman icce, ya sama masa takalmi rufaffe ko da na roba ne, a kakkaɓe shi da safe saboda kunama. Malamai masu riƙe da ƴaƴan mutane kuma, su ne suka fi kowa ganin waɗannan ƙafafu, sau biyar a yini.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya, amin.