Gandun Argin Na Muritaniya, Inda Teku Ke Yanka Wa Matafiyi Lokaci

Duk direban da ya san hanyar gandun Argin a ƙasar Muritaniya, kafin ya duba mai ko ya taɓa taya, abin da ya kan fara tambaya shi ne yau nawa ga wata. Baƙo sai ya zaci lissafin azumi ake yi, alhali kuwa lissafin teku ne. Sau biyu a cikin yini da kwana tekun Atlantika ya kan cika ya hau tudu, sa'an nan ya janye, kuma kullum ya kan yi jinkirin kusan minti 50 a kan na jiya, domin wata ne ke jansa. Idan wata ya tsaya, ko kuwa ya kai sha huɗu, cikar ta fi ƙarfi, janyewar ma ta fi nisa. A wannan gaɓa, mota da jirgi da tsuntsu da kifi duk da wannan agogo su ke aiki.

Gandun na tsakanin Nuwakshot, babban birnin ƙasar, da Nuwadibu, tashar jiragen ruwa ta arewa. Faɗinsa murabba'in kilomita 12,000 ne, watau ya ninka gandun Yankari sau biyar, sai dai kusan rabinsa ruwa ne, rabi kuma hamada. Faransawa na kiransa Banc d'Arguin, ma'ana tudun yashi da ke kwance a ƙarƙashin ruwa. An kafa shi a 1976, zamanin Shugaba Muktar Wuld Dadda, bisa shawarar wani masanin Sahara Bafaranshe mai suna Théodore Monod. A 1989 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya.

Masu zuwa kwanan daji su kan bar Nuwakshot da asuba cikin mota mai jan ƙafa huɗu, an ɗaura mata jarkokin ruwa da na mai, da shebur, da gawayi, da buhun shinkafa. Kwaltar da ta nufi Nuwadibu kilomita 470 ce, ta miƙe sambal, babu abin kallo sai raƙuma da shingayen jandarmomi masu karɓar takardar da aka rubuta sunan matafiyi da lambar fasfonsa. A wajen tsakiyar hanya ake isa Shami, garin da aka kafa a 2012, wanda ya tumbatsa bayan an gano zinariya a yankin a 2016. Ƙarar injinan niƙan dutse da ƙurarsu ne ke tarbar mutum. A nan ake cika tanki, a ɗauki ja-gora idan ba a zo da shi ba, sai a saki kwalta a fuskanci yamma.

Daga nan babu hanya sai sawun motocin da suka riga, su ma iska ta kan share su. Direba ya kan sauka ya rage iskar tayoyi domin su baje a kan rairayi. Abin da aka fi tsoro shi ne fadamun gishiri, waɗanda samansu ke a bushe ƙamas kamar daɓe, ƙarƙashinsu kuwa taɓo ne mai haɗiye mota har gindinta. Ja-gora na gane su daga launi, baƙo kuwa sai ya ga fili ne mai daɗin gudu. Wanda ya yi gardama ya kan wuni yana haƙa da shebur.

Da la'asar sakaliya ake hango ƙauyen Iwik: 'yan gidajen katako da kwano a kan wani tsini na ƙasa, ga jiragen kamun kifi a jere a bakin ruwa. Babu itace ko ɗaya. Matan ƙauyen na da sansani inda su ke kakkafa manyan tantuna farare irin na Larabawan ƙasar, a shimfiɗa tabarmi da katifu, matafiyi ya biya ya kwana. Sunan tantin a bakinsu khaima, kalmar Larabcin da Hausa ta aro ta mai da ita laima. Wanda ya zo da nasa ɗan tanti na leda, to, ya nemi duwatsu ya danne kusurwoyinsa, domin turaku ba su kama rairayi, iskar arewa kuma ba ta hutawa. Ruwan tekun wannan gaɓa mai sanyi ne, saboda haka da rana ta faɗi sai mutum ya nemi bargo a tsakiyar Sahara. Ana dafa shayi kofi uku a kan gawayi, irin na Buzaye, mai kumfa, a ci shinkafa da kifi, a boye sauran abinci cikin mota saboda diloli masu yawon dare a bakin ruwa. Ruwan sha kuwa ba a wasa da shi. Babu rijiya mai daɗi a ƙauyukan nan. Ko dai tanka ta kawo daga nesa, ko a tace na teku.

Da safe abin mamaki ke jiran baƙo. Tekun da ya kwana yana dukan gindin ƙauye ya tafi. Abin da ya bari shi ne fili na taɓo da koriyar ciyawar ƙarƙashin ruwa, iyakar ganin ido, jirage kuma sun kwanta a gefe guda kamar shanun da ke tuƙa. Asirin wurin ke nan. Tekun Argin ba shi da zurfi; sai a yi tafiyar kilomita da yawa daga gaɓa ruwan bai kai gaba uku ba. Can waje kuma iska na tura ruwan sama, na ƙasa mai sanyi da taki ya taso ya maye gurbinsa. Wannan taki da hasken rana ne ke raya ciyawar, ciyawar ta raya tana da ƙaguwa da 'yan halittu masu ɓawo biyu irin ƙumbar rafi, su kuma su ciyar da kifi da tsuntsu.

Ba a shiga jirgi sai ruwa ya dawo ya ɗaga shi, ko da matafiyi ya shirya tun hantsi. Jiragen na katako ne, ana ce musu lansh, asalinsu daga masuntan tsibiran Kanari, kuma iska ce ke tura su da wani babban ƙyalle mai kusurwa uku. Doka ta hana kamun kifi da jirgi mai inji a cikin gandun, an kuma ƙayyade yawan jiragen ƙyallen. Saboda haka tafiyar shiru ce, ba a jin komai sai kukan igiya da ruwa na lasar katako. Wani lokaci iska ta mutu, a zauna a sha shayi. Wani lokaci ruwa ya janye jirgi na tsakiya, a jira sa'o'i shida.

Lokacin da ya fi kyau a ga tsuntsaye shi ne sa'ad da ruwa ke cika, domin yana koro su daga taɓo zuwa 'yan tsibirai, su taru jingim. Akwai kwasakwasa, da filamingo mai dogon wuya da ja-jan fukafukai, da wani farin tsuntsu mai baki kamar ludayi. Amma waɗanda suka sa sunan Argin ya fita su ne ƙananan nan masu ruwan toka da ke tsattsagar taɓo. Baƙi ne, daga Sibiriya da arewacin Turai da Girinlan su ke zuwa idan sanyi ya kama can, kamar yadda wasu 'yan'uwansu ke sauka a fadamun Hadeja da Nguru. Da aka ƙirga su a 1980 an sami fiye da miliyan biyu. Idan shaho ya gilma suka tashi gaba ɗaya, sai a ga kamar hayaƙin gobarar daji yana murɗawa, ya yi baƙi ya yi fari. Jirgin ya kan gewaya kusa da Tidra, tsibiri mafi girma, inda 'yan barewa suka tsira bayan mafarauta sun kusa ƙarar da na tudu.

Masu jiragen nan su ne Imragen, mutane dubu ɗaya da ɗoriya a ƙauyukan da ba su kai goma ba, kuma su kaɗai aka yarda wa su yi su a gandun. Shekaru aru-aru suna ƙarƙashin manyan ƙabilun hamada, suna ba su kifi a matsayin gaisuwa. Dukiyarsu wani kifi ne da Turawa ke kira mulet, wanda ke bin gaɓa garke-garke zuwa kudu daga ƙarshen kaka zuwa tsakiyar hunturu. A da, mai tsaro ya kan hau tudu yana duban launin ruwa. Idan ya hango garke, sai wani ya shiga yana dukan ruwa da sanda, ƙarar ta jawo dolfin, wata dabbar teku mai shaƙar iska da shayar da 'ya'ya kamar ayu. Dolfin su koro kifin zuwa gaɓa, maza su kutsa da taru a kafaɗa su kewaye, mutum ya sami nasa, dabba ta sami nata. Yau da wuya a ga wannan, sai dai a ji a bakin tsofaffi. Aikin mata dai na nan: su tsaga kifin su shanya, su danne ƙwansa su busar, wanda ke da tsada ƙwarai a Turai, su kuma dafa kawunan su kwashe mai. Larabawan hamada kan zo su yi makonni suna cin busasshen kifin da man a matsayin magani.

Ba za a ce Imragen ba su taɓa kuskure ba. Daga ƙarshen shekarun 1980 fatake suka zo da kuɗi suna sayen fukafukan kifin shak domin kasuwannin Asiya, masunta suka karkata can, har shak ya soma ƙaranci, domin kifi ne mai jinkirin haihuwa. Sai a 2003 aka yi yarjejeniya da hukumar gandun aka daina kai masa hari da gangan, ko da ya ke har yanzu yana faɗawa cikin raga. Talaka ne aka ce ya haƙura da injin jirgi da kifi mai tsada, alhali da dare yana iya sanin manyan jiragen ƙasashen waje na can bayan iyaka suna kwasa. Hujjar hukuma ita ce Argin ne wurin renon kifayen da gaɓar Muritaniya ke ci, idan aka yashe shi kowa ya rasa. Hujja ce mai ƙarfi, amma nauyinta a wuyan mutum dubu ya ke.

Dare na biyu a kan yi shi a Arkeis, arewa da Iwik, a gindin dutsen Tafarit, inda ake samun ruwa garau da ya dace da wanka. Can arewa kuma akwai tsibirin Argin kansa, wanda gandun ya ci sunansa. Turawan Fotugal sun iso shi a 1443, ba da jimawa ba suka kafa kasuwa da ganuwa, suna sayen zinariya da ƙaro da bayi. Yana daga cikin wurare na farko da aka riƙa loda 'yan Afirka a jirgi zuwa Turai. Bayansu Holanda da Jamusawan Barandanbag da Faransawa suka yi ta karɓe shi daga hannun juna, har Faransawa suka rushe ganuwar a 1728.

A cikin wannan ruwa ne kuma jirgin yaƙin Faransa mai suna Méduse ya kafe ranar 2 ga Yuli, 1816, yana kan hanyar Sanlui ta Senegal da mutum wajen 400. Kyaftin ɗinsa ya yi shekara 20 bai ja jirgi ba, biyayyarsa ga gidan sarauta ce ta ba shi muƙamin. Ma'auni na nuna ruwa na raguwa, bai saurara ba, kuma jirgin ya hau yashi ne daidai lokacin babbar cika, saboda haka babu wani ruwa da zai zo ya ɗaga shi. Ƙananan jiragen ceto ba su isa ba, sai aka harhaɗa katakai kamar gadon fito aka ɗora mutum wajen 147, da alkawarin za a ja su. Ba a yi nisa ba aka saki igiya. Kwana 13 suna yawo, da faɗa da ƙishi da cin naman gawa, aka tsinci 15 da rai. Zanen da Géricault ya yi na wannan bala'i na nan rataye a gidan tarihi na Louvre a Paris.

Akwai wani ɗan tsuntsu a taɓon Iwik, girmansa kamar na kurciya, masana na kiransa Calidris canutus. A Taimir ta arewacin Rasha ya ke ƙyanƙyasa, ya ya da zango a gaɓar Holanda da Jamus, sa'an nan ya iso nan. A 2016 masu bincike na Holanda suka bayyana cewa ƙanƙarar Taimir na narkewa da wuri, wajen mako biyu a kan yadda ta ke shekara 30 da suka wuce. Ƙwari na fitowa kafin 'yan tsaki su ƙyanƙyashe, sai su tashi da yunwa, jikinsu ƙanana, bakinsu gajere. Da sun iso Argin, gajeren bakin ba ya kai wa ga ƙumbar da ke binne a taɓo, sai su koma cin saiwar ciyawa, da yawansu ba su kai baɗi. Ƙidayar baya-bayan nan ta nuna baƙin tsuntsayen sun ragu a kan na 1980. Masu gadi na iya korar jirgin ɓarayin kifi, suna iya sa ido kan sinadarin makuri da masu wanke zinariya ke zubarwa a Shami, amma ba su da iko da ƙanƙarar Sibiriya.

Mai komawa Nuwakshot na da zaɓi biyu. Ko ya nemi kwalta, ko ya gangara kudu zuwa Mamgar, kusa da 'yan itatuwan bakin teku da suka rage tun zamanin da koguna ke gudana a Sahara, ya bi tsohuwar hanya. Kafin 2004 babu kwalta tsakanin biranen biyu, kuma a wannan yanki bakin tekun shi ne titi: tudun rairayi a hagu, raƙuman ruwa a dama, tsakaninsu ɗan siririn jiƙaƙƙen yashi mai tauri da ke buɗewa na 'yan sa'o'i. Direba ya kan kashe mota a Mamgar ya zauna yana kallon ruwa. Da ya ga ya ja da baya yadda ya ke so, sai ya ce a hau, kuma ba a tsayawa ɗaukar hoto ko dafa shayi. Nan da can a kan wuce ƙarafan motocin da suka makara, gishiri ya cinye su, tsuntsaye na zaune a kai.