Rami Ba Ya Rushewa Sai Da Dalili

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a jaridarka, in yi magana da 'yan'uwana masu karatu bisa wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, watau yadda samarinmu su ke halaka a ramukan haƙar zinariya, mu kuwa sai mu ce kwana ne ya ƙare, mu shafa fatiha, mu watse.

Ba ina musun ƙaddara ba ne, Allah ya tsare ni. Abin da na ke ƙi shi ne a mai da ita marfin da za a rufe tambaya da shi. A watan Nuwamba na 2021 rami ya rufta da masu haƙar zinariya a Ɗan Isa, cikin jihar Maraɗi, aka fid da gawa 18 ko fiye. A watan Yuni na 2024 kuma, bayan an yi ruwa mai yawa, wani ramin ma'adini ya danne mutane da dama a ƙasar Shiroro ta jihar Neja. To, jama'a, me ya kawo haka?

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Idan damina ta sauka, ƙasa ta sha ruwa, sai ta yi nauyi, ta kuma saki jiki. Ga tarin ƙasar da aka fitar an jibge shi a bakin rami yana ƙara danne bango. A can ciki mutane suna bin jijiyar zinariya ta gefe, ba gwafa, ba azara, har su kan sare ginshiƙin ƙasa da ke riƙe da rufin in sun ga ƙyalli a jikinsa. Wani ramin kuwa ya ci gaba har ya haɗu da na maƙwabci, ba wanda ya sani. Sa'an nan akwai injin jan ruwa da a ke saukarwa ciki. Hayaƙinsa yana ɗauke da wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari, mutum ya ji ciwon kai da kasala, ya zauna domin ya huta, daga nan ba zai sake tashi ba.

Ni kaina na tsaya a bakin irin waɗannan ramuka a nan ƙasarmu ta Zamfara. Na ga yaro wanda bai isa aure ba yana sauka da igiya, yana sa ƙafa cikin 'yan gurabun da aka sassaƙa a bango. Na tambayi mai kula da wurin, na ce, "Malam, mutum nawa ne a ƙasa yanzu?" Ya ce, "Sun kai 20, ko kuwa sun ɗara." Wannan amsa ta fi zurfin ramin ba ni tsoro. Wanda bai san adadin waɗanda suka shiga ba, in rufi ya faɗo, yaya zai san lokacin da zai daina tono?

Haɗarin ma ba ya tsayawa a wurin aiki, yana bin lebura har gida. A shekarar 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, domin duwatsun zinariya da a ke dakawa a tsakar gida suna haɗe da dalma, ƙurarsu ta shiga ƙasar da yara ke rarrafe a kai. A 2015 irin wannan musiba ta sake aukuwa a ƙasar Rafi ta jihar Neja.

Kada wani ya ce wannan halinmu ne mu kaɗai. Bari in ba ku labarin wata ƙasa da ta sha irin wannan wahala tun kafin mu. A Ingila, a watan Janairu na 1862, a ramin kwal na Hartley, wani ƙaton ƙarfe na injin jan ruwa ya karye, ya faɗa cikin ramin, ya toshe shi. Ƙofa ɗaya tak ramin ke da ita. Mutum 204, manya da yara, suka mutu. Mutanen ƙasar sun yi kuka kamar yadda mu ke yi, amma ba su tsaya ga kuka ba. Suka bincika dalili, kafin shekarar ta fita aka yi doka cewa lalle kowane ramin kwal ya kasance da ƙofa biyu. Daga baya kuma suka ɗauki al'adar ba kowane lebura ɗan ƙarfe mai lamba, kamar kwabo, wanda da shi a ke gane wanda ke ƙasa da wanda ya fito. Ku duba, wannan dabara ba ta bukatar kuɗi mai yawa, hankali kurum ta ke bukata.

Mu ma ba mu rasa doka ba. Dokar diyyar ma'aikata ta Nijeriya ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba naira 1 cikin kowace naira 100 ta albashi a asusun da za a biya wanda ya ji rauni, ko magadan wanda ya rasu. Amma yaron da ba a rubuta sunansa ko'ina ba, da wace shaida uwarsa za ta nemi haƙƙinsa?

Saboda haka ina kira ga mu da Allah ya ba karatu. Kai akawu, ka nuna wa masu ramuka yadda za a ajiye littafi a bakin rami, a rubuta sunan mai shiga da mai fita, a kuma rubuta kowane rauni da abin da ya jawo shi, ko da yatsa ne ya karye. Kai malamin makaranta, ka koya wa yara cewa ba a shiga rami bayan ruwa, ba a kunna inji a cikinsa, ba a daka dutsen zinariya a gida, kuma a jiƙa shi kafin a niƙa domin ƙura ta kwanta. Ku kuma malamanmu na addini, Allah ya gafarta muku, maganarku ta fi tamu shiga kunne. Ku faɗa wa masu dukiya cewa ran lebura amana ce a wuyansu, wanda ya hana kuɗin azara 10 har rufi ya faɗo a kan ɗan wani, za a tambaye shi. Sarakuna da hakimai su ma, Allah ya ja zamaninsu, in suka hana haƙa a tsakiyar damina, wa zai ja da su?

Ban ce a bar neman zinariya ba, gama talaka da ita ya ke rufa asirin iyalinsa. Na dai ce rigakafi ya fi magani, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya tsare waɗanda ke cikin ramuka yau, amin. Haza wassalam.

Ni ne naka,
Mai Tausayin Leburori, Gusau.