Buhun da Ba Suna a Jikinsa

Ni Bamange ne daga Dapchi, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Bursari, kuma a kasuwa da makaranta na koyi Hausa. A hutun 2023 na zaga Dapchi da Gashuwa da Nguru ina tattara tatsuniyoyi domin kundin digirina. Na buga guda arba'in a kwamfuta, kowace a fayil ɗinta, na kai wa malamina ina taƙama. Ya buɗe ɗaya ya ce, “Wa ya ba ka wannan? A wane gari? Da Hausa ko da Manganci?” Na yi tsuru-tsuru.

Wani abokina mai karatun kwamfuta ne ya cece ni. Ya ce kowane fayil a yi masa goshi: karan ɗori uku a sama, uku a ƙasa, a tsakaninsu a jera bayanai layi-layi, kamar “gari: Nguru”, “harshe: Manganci”, “shekara: 2023”. Tatsuniyar sai ta biyo baya. Tsarin sunansa YAML, an fito da shi a 2001. Ya rubuta 'yar manhaja da Python, wadda ke yanke goshin, ta ɗauki abin da ke hagun ruwa biyu a matsayin sunan gurbi, na dama kuma abin da ke cikinsa. Nan take fayil arba'in suka koma jadawali guda. In na nemi tatsuniyoyin gizo da aka ba ni a Nguru, sai su fito.

Amma kwamfuta ba ta da kara. Na rubuta Gashuwa a nan, Gashua a can, ta lissafa mini garuruwa biyu. Wannan na gyara. Abin da ya gagare ni fayil shida ne, da na manta bakin da na ji su. Ina zaton biyu na wata tsohuwar unguwarmu ne, ga shi Allah ya yi mata rasuwa kafin in koma.

Duk wanda ya taɓa lodin gero a tasha ya san buhun da ba suna a jikinsa rigima ne. 'Yan'uwana ɗalibai, kafin ku buga “Ga ta nan, ga ta nanku”, ku fara rubuta wanda ya faɗa, da garinsa, da ranar. Gurabe shidan nan har yau fayau suke a jadawalina.