Tsohuwar mussar gidan su Auta

A garin Azarori, cikin gundumar Madawa ta jihar Tawa, akwai wata yarinya da kowa ke kira Auta. Shekarunta 10, tana aji huɗu a lakwal. Iyayenta manoma ne. Da damana suna noman hatsi da wake. Da rani kuma babanta yana aikin albasa a fadama.

A gidan akwai wata mussa mai launin toka. A wasu wurare ana ce wa wannan dabba kyanwa ko mage. Sunanta Toka, kuma ta girmi Auta. Kaka ce ta kawo ta cikin ƙwarya a shekarar 2011, tana ƴar ƙarama. A wannan shekara damana ba ta yi kyau ba a Nijar. Hatsi ya yi ƙaranci, kowace tiya tana da daraja. Ga shi kuma kusa sun dami rumbu. Da Toka ta girma sai ta zama mai gadin rumbun. Kusan kullum da safe a kan tarar da kusu kwance a gindinsa.

Wannan aiki ba yau mussa ta fara shi ba. Kakanninta mussar daji ce. Tun wajen shekara 10.000 da suka wuce, da mutane suka fara noma suna tara hatsi, kusa suka biyo hatsin, mussa kuma ta biyo kusa. A shekarar 2004 masana sun ba da labarin wani kabari a tsibirin Kubrus, inda aka rufe mutum da mussa kusa da juna, wajen shekara 9.500 da suka wuce.

Toka mai tsabta ce. In za ta yi kashi, sai ta haye danga, ta tafi bayan gari inda rairai yake. Ta tona rami, ta yi, ta rufe. Shekara da shekaru babu wanda ya taɓa ganin kashinta cikin gida.

Toka ta sake hali

Da hunturun 2024 ya shigo, Toka tana da shekara 13. Sai ta fara ramewa. Gashinta ya daina sheƙi. Wani lokaci in ta ci abinci sai ta amayar. Zawo kuma yana zuwa yana tafiya: kwana biyu lafiya, kwana uku babu lafiya.

Wata rana da safe Inna ta ga kashi a bayan randa. Washegari aka gan shi cikin zaure. Yayan Auta ya ɗauki kara ya bugi Toka. Ta gudu ta ɓuya ƙarƙashin gadon Kaka. Da dare kuma ta yi a wurin. Abin da ya fi ɓata wa Baba rai shi ne ranar da ya tarar ta ɓata buhun wake da zai kai kasuwa.

Baba ya ce: «Haƙurina ya ƙare. Ba ta kama kusu, sai ɓata gida. Ga mahaifiyarku da juna biyu. Ranar kasuwar Madawa zan sa ta cikin buhu, in sake ta a daji.»

Auta ba ta ce kome ba, don yaro ba ya musu da uba. Ta shiga ɗakin Kaka tana hawaye.

Kaka ta ce: «Kishiyata, me ya faru kike kuka kamar an ƙwace miki miji?»

Auta ta gaya mata. Kaka ta yi shiru. Bayan sallar isha'i ta sa aka kira Baba. Ta ce masa: «Ɗana, shekarar da hatsi ya yi wuya, wa ya tsare maka rumbu? Ni ma yanzu ba na daka, ba na zuwa rijiya. Ka tanadi buhu biyu ke nan?»

Baba ya sunkuyar da kai. Ya ce: «Allah shi ba ki haƙuri, Inna. Amma ƙazantar fa?»

Kaka ta ce: «Wanda ya yi shekara 13 da tsabta, in ya sake hali, a tambayi dalili.»

Washegari Auta ta ba malaminsu labari. Malam ya ce mata akwai ma'aikatar kula da dabbobi a Madawa. Ya ce ko da yake shanu da awaki da raƙuma suka fi zuwa can, malamin dabbobi ya san cututtukan mussa. Auta ta gaya wa Kaka, Kaka ta gaya wa Baba. Ranar kasuwa aka ɗora wake a kan amalanke. Toka ma ta hau, cikin kwando mai marufi, Auta tana riƙe da shi.

A wurin malamin dabbobi

Malamin dabbobi ya buɗe bakin Toka ya duba dasashinta. Ya shafa cikinta. Ya ja fatar wuyanta ya saki: fatar ba ta koma da sauri ba. Ya ce wannan alama ce ta ruwan jikinta ya ragu. Ya lanƙwasa ƙafafunta na baya, sai ta yi ƙara. Ya aza ta a kan ma'auni: kilo 2 da rabi.

Ya tambayi Auta: «Ɗiyata, me kuke ba ta?»

Ta ce: «Sauran tuwo da miya, Malam. Kaka kuma tana ba ta madarar akuya.»

«Miyar da albasa?»

Baba ya yi dariya ya ce: «Malam, a ƙasar nan akwai miyar da babu albasa?»

Malamin dabbobi ya ce: «To, mai gida, ka saurara. Mussa mai shekara 13 kamar mutum ne da ya kusa shekara 70. Hanjinta ya daɗe yana ciwo, ba ya tsotse abinci yadda ya kamata. Shi ya sa take ci amma tana ramewa. Irin wannan ciwo ya kan zo daga tsutsar ciki, ko daga abincin da bai karɓe ta ba, ko daga kumburin hanji. A jikin tsohuwar mussa kuma wani lokaci ciwon ƙoda ne, ko ƙari a hanji. Sai an auna jini a babban birni za a rarrabe. Amma akwai abin da za mu iya yi tun yau.»

Ya bayyana musu cewa mussa maciyar nama ce. Tuwo ba ya riƙe ta. Da ƙuruciya kusa ne ke ciyar da Toka, yanzu ba ta iya kamu. Madara kuma, yawancin manyan mussoshi ba sa iya narkar da sukarin da ke cikinta, sai ta sa su zawo. Albasa da tafarnuwa kuwa guba ne gare su, ɗanye ko dafaffe: suna lalata jajayen ƙwayoyin jini.

Baba ya ce: «To don me take yi cikin ɗaki? Ba rashin kunya ba ne?»

Malamin dabbobi ya ce: «A'a. Gaɓoɓinta suna ciwo, ba ta iya haye danga. Mai zawo kuma ba ya jiran tafiya mai nisa. Ga sanyi, ga karnuka a waje. In kuma an buge ta, ba ta gane laifinta ba. Tsoro kawai take ji, ta nemi lungu ta ɓuya, ta yi a can.»

Ya ba su maganin tsutsa daidai da nauyinta, ya faɗi ranar da za a sake ba ta. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce: «Kada ku sayi maganin mutane ku ba ta. Ƙwayar farasitamol guda ɗaya tana iya kashe mussa.»

Maganar Inna

Baba ya kawo maganar da ta fi damunsa, wato cikin Inna. Malamin dabbobi ya ce ya yi daidai da ya tambaya.

Akwai wata ƙwayar cuta ƴar mitsitsiya, ido ba ya ganinta, ana ce mata toksofilasma. Masana biyu, Charles Nicolle da Louis Manceaux, suka gano ta a birnin Tunis a shekarar 1908. A shekarar 1970 aka tabbatar cewa a hanjin mussa take yin ƙwai, su fito cikin kashi. In mace mai ciki ta kamu da ita karo na farko, tana iya cutar da ɗan da ke ciki. Amma ƙwan ba ya kama mutum sai ya yi kwana 1 zuwa 5 a ƙasa. Mutane kuma suna kamuwa da ita ta cin naman da bai dahu ba, ko ganyen da ba a wanke ba.

Saboda haka malamin dabbobi ya ce ba sai an yar da Toka ba. A kwashe kashinta kullum, kafin ya kwana. Kada Inna ta taɓa shi. Wanda ya kwashe ya wanke hannu da ruwa da sabulu.

Aikin Auta

Da suka koma Azarori, Auta ta samo tsohon bido da ya fashe. Yayanta ya yanke shi da wuƙa, ya bar gefensa gajere, don tsohuwa ta shiga ba sai ta yi tsalle ba. Suka zuba busasshen rairai mai laushi, zurfin yatsa uku. Suka ajiye shi a lungun da babu hayaniya, nesa da madafa da randa. Mussa ba ta son yin kashi kusa da inda take ci. Suka yi na biyu da tsohon daro, suka sa a bakin ɗakin Kaka saboda dare.

Auta ta wanke duk wuraren da Toka ta ɓata da ruwa da sabulu. Inda ƙasa ce, ta kankare, ta zuba sabuwa. In wari ya rage, mussa ta kan koma wurin.

Ranar farko Toka ta shinshina bidon ta wuce. Da dare ta yi bayan randa. Yayan Auta ya ce: «Kin gani? Wahalar banza.» Auta ta kwashe, ta sa ɗan kaɗan cikin rairan bidon. Rana ta uku da asuba ta ji ana tono. Ta leƙa. Toka ce ke rufe ramin da ta yi.

Maganar abinci ta fi wuya, don su kansu ba kullum suke cin nama ba. Kaka ta ce daga cikin ƙwan kajinta za a riƙa dafa wa Toka guda. Mahaucin unguwa ya yarda ya riƙa ba Auta guntayen da ba su sayuwa. Tana dafa su da ruwa zalla: babu gishiri, babu yaji, babu albasa. Ba ta sake abincin rana ɗaya ba. Ta yi ta rage tuwo tana ƙara nama har mako guda, don sauyin gaggawa ma yana kawo zawo. Tana ba ta kaɗan kaɗan sau huɗu: da safe kafin lakwal, da rana, da marece, da kuma dare. Ta ajiye mata ruwa mai tsabta a wuri biyu, tana sakewa kullum.

A bayan kayenta na lissafi Auta ta ja layi uku: rana, abin da Toka ta ci, yadda cikinta ya kasance. Wata rana zawo ya dawo. Da ta duba, sai ta ga duk ranar da ya dawo, ranar ce ita take wuni a lakwal. Ta shiga ɗakin Kaka ta tarar da ƴar ƙwarya da sauran madara a ƙarƙashin gado.

Ta ce: «Kaka, ke ce?»

Kaka ta ce: «Kishiyata, ta dube ni ne tana kuka, na ji tausayi.»

Auta ta nuna mata kayen, ta karanta mata ranakun ɗaya bayan ɗaya. Kaka ta ce: «To, boko ya kama ni.» Daga ranar madara ta tsaya.

Bayan wata uku

Bayan wata uku aka aza Toka a kan ma'aunin mai kanti. Ta kusa kilo 3. Ba ta warke sarai ba. Malamin dabbobi ya riga ya faɗa musu cewa irin wannan ciwo lallaɓa shi ake yi. Wani mako cikinta ya kan ɓaci. Auta ta san alamun da za su sa a koma Madawa da sauri: jini cikin kashi, amai da ya ƙi tsayawa, ko ta yi kwana biyu ba ta ci ba.

Cikin azumin 2025 Inna ta haifi ɗa namiji lafiya. Mutane suka fara tsokanar Auta, suna cewa an ƙwace mata suna. Ita kuwa aikinta ya ƙaru: ga raino, ga lakwal, ga Toka. Wata rana ta manta ba ta ɗebo rairai ba. Da marece tana tunanin yadda za ta yi, sai ga Baba ya dawo daga fadama. A kan amalanken, tsakanin buhunan albasa, akwai wani buhu rabi. Ya sauke shi a gindin danga, ya ce: «Auta, ga rairan tsohuwarku. Na gulbi ne, ya fi laushi.»

Auta ta duba buhun. Shi ne wanda Baba ya tanada tun ranar kasuwar nan. Ta ce: «Na gode, Baba.» Ta tafi ta ɗauko bido. Toka kuwa tana kwance a gindin rumbu tana shan hantsin marece.

Tambayoyi

1. Wane aiki Toka ta yi wa gidan su Auta tun daga shekarar 2011?
2. Faɗi dalilai uku da suka sa ta daina zuwa bayan gari.
3. Waɗanne abubuwa ne bai kamata a ba mussa ba? Don me?
4. Don me ake kwashe kashin mussa kullum? Wa aka hana ya taɓa shi?
5. Ta yaya kayen Auta ya taimake ta?
6. Akwai tsohuwar dabba a gidanku? Rubuta layi biyar a kan yadda ake kula da ita.