Yaranmu Masu Kaɗa Bes a Bukukuwan Legas

Yau ba sanarwar rasuwa ko ta ɗaurin aure muka zo da ita ba. Wata magana ce da take cin mu a rai tun bayan ƙaramar Sallah, muka ga gara mu fito da ita fili kafin taron wata, kowa ya zo da shirinsa.

Da yawanku kun ji labarin yaron nan namu da ya yi haɗari a hanyar Ikorodu. Ba za mu kama suna ba, wanda ya sani ya sani. Mai gyaran waya ne a kasuwar kwamfuta ta Ikeja, shekara huɗu yana biyan kuɗin wata bai taɓa tsallakewa ba, littafin yana hannunmu. Wata Asabar yana dawowa wajen ƙarfe ukun dare, danfon da ya shiga ya daki bayan wata tirela da aka ajiye ba fitila. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba, amma ya karye a wuyan hannun hagu. Washegari mahaifiyarsa ta aiko a taimaka daga asusun ƙungiya, kamar yadda tsarinmu ya tanada ga duk ɗan ƙungiyar da ya kwanta asibiti.

Muka zauna mu bakwai. Har an ɗauko takardar sa hannu sai wani ya tambaya me ya kai shi Ikorodu a wannan lokaci. Aka ce daga wajen kiɗa yake, yana kaɗa jita a wata ƙungiyar makaɗa ta Yarabawa. Ɗaki ya yi tsit. Wani dattijonmu da muke girmamawa ya ce, "Sakatare, wannan kuɗin jama'a ne, ba za a kai shi inda aka samo rauni a wajen shagali ba." Babu wanda ya musa masa, mu ma ba mu musa ba. Da hannunmu muka rubuta "an ɗage" a littafin taro. Aka ɗage har mako uku.

Ranar da muka je duba shi a ƙashin kanmu, muka tarar an riga an biya kuɗin ɗori da na magani. Shugaban makaɗan, wani Bayarabe ɗan Ijebu, da mai ganga ɗan ƙabilar Ibo, da sauransu, su suka haɗa daga abin da suka samu a bukukuwa biyu. Muna zaune shugaban ya shigo da kular abinci, ya gaishe mu har ƙasa irin tasu, ya ce ya ji daɗi da ya ga "mutanensa" sun zo. Kunyar da muka ji a wurin ita ta sa muka fara bincike, don gaskiya har ranar ba mu san abin da yaron yake yi ba. Mun dai san "yana bin 'yan kiɗa."

Abin da yake kaɗawa sunansa bes. Jita ce, amma ta fi wadda aka saba gani tsawon wuya da nauyi, tsirkiyarta huɗu, na ƙarfe ne masu kauri, mafi kaurin ta kusa kai tsinken tsire. Ba ta da zaƙin murya. Aikinta shi ne wannan gurnanin da kake ji a ƙirji tun daga nesa idan ana biki a layinku, wanda yake girgiza gilashin taga. Wani Ba'amurke mai suna Leo Fender ne ya fito da irin wadda ta bazu a duniya a 1951, daga baya ta shiga kiɗan hailaif da juju da kiɗan Fela. Hannun dama yana fizgar tsirkiya, na hagu yana danna ta a wuyan jitar, kun ga kenan hannun da ya karye shi ne na aikin. Ya nuna mana kan yatsunsa, duk kanta.

Daga bakinsa muka gano ba shi kaɗai ba ne. Cikin yaran da iyayensu ke cikin wannan ƙungiya akwai wasu uku: tela ɗaya, mai Keke Napep ɗaya, da wani da ke karatu yana taya yayansa sayar da tumatir a Mile 12. Babu wanda ya shiga makarantar kiɗa. Ɗaya a wurin maƙwabci ya koya, sauran a YouTube da tsohuwar jita ta aro. Duk a nan aka haife su, Yarabanci a bakinsu kamar ruwa. Muka tambaye su me ya sa ba sa yin kiɗan Hausa. Telan ya yi dariya ya ce, "Kawu, waƙoƙinmu na yanzu a situdiyo ake haɗa su da fiyano da kwamfuta, mutum ɗaya ya isa. A bikinmu kuma DJ ake kira ko masu kalangu. Wa zai kira mai bes?" Fuji ma, duk da cewa yawancin masu yinsa Musulmi ne, kiɗan ganguna ne tun asali. Saboda haka ƙofar da ta rage musu ita ce ta masu juju da hailaif, masu bin sawun su King Sunny Ade da Ebenezer Obey a bukukuwan da ake kira owambe.

Muka nemi telan ya tafi da mu wata Asabar, mu biyu da ma'ajin ƙungiya. Bikin cika shekara saba'in ne na wata tsohuwa a wajen Abule Egba. An ce makaɗa su hallara ƙarfe goma na safe, ba a fara kiɗa ba sai bayan la'asar. Duk tsawon wannan lokaci su ne 'yan dakon sifikoki, su ne masu jan waya. Aka kafa su a ƙarshen rumfa, shi mai bes can baya kusa da janareta, hayaƙi yana bugun ƙeyarsa. Da lokacin salla ya yi muka ga ya jingine jitar, ya zaro 'yar darduma daga jakarta, ya zaga bayan motar kaya. Shugaban bai ce masa komai ba, da alama an saba.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne babu takarda, babu jerin waƙoƙi. Mawaƙin zai ɗauko waƙa a duk muryar da ta zo masa, mai fiyano ya lalubo ta, ya juyo ya yi wa mai bes alama da yatsu ko ya faɗa masa "do" ko "fa", shi kenan a tafi. Idan wani mai kuɗi ya taso rawa, sai mawaƙin ya saki waƙar ya kama kirarinsa, su kuwa na baya su riƙe kiɗa ɗaya suna maimaitawa har sai mutumin ya gaji da liƙi. Mun duba agogo, akwai zangon da ya kai minti hamsin ba a tsaya ba, yaro yana tsaye da abu mai nauyin kilo huɗu a kafaɗa, idonsa a kan ƙafar mai ganga, don dole bugunsu ya faɗi tare. Babu wanda ya kalle shi. Can sai wayar jitarsa ta zare, sautin ya ɗauke na ɗan lokaci, nan take masu rawa suka rikice, wata mata ta juyo tana yi wa mawaƙin faɗa. Ita ba ta ma san abin da ya ɓace ba. Da ya mayar da wayar rawa ta koma daidai. Ma'aji ya matso kunnenmu ya ce ashe duk wannan taron a kan yatsun yaron nan yake tafiya.

Bayan an tashi wasu suka zo suna mamakin wai "aboki" ne yake wannan kiɗa. Ya yi murmushi kawai. Ya ce ya saba, kuma wani lokaci mamakin ne ke sa a liƙa masa ɗari biyar.

Maganar kuɗi kuwa, nan ne abin tausayin yake. Liƙi a goshin mawaƙi ake yin sa, yara su tattara a jaka, shugaba ya cire kuɗin hayar kayan sauti da na mota da nasa, sannan a raba saura. Wata rana kason mai bes ya yi cefanen mako, wata rana kuɗin mota kawai. Idan mai biki ya ce kuɗinsa bai kai ba a rage mutane, mai bes ake fara ajiyewa, don mai fiyano yana iya cike gurbinsa da hannun hagu. Akwai masu bikin da ke ba da kafin alƙalami su ce ragowar sai Litinin, Litinin ɗin da ba ta zuwa. Sun ce farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, sun yi bukukuwan da ba a liƙa ko sisi ba. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun shekarar, kuɗin mota da na janareta suka haura. A 2024 kuma EFCC ta gurfanar da wasu masu liƙi a kotu, manyan baƙi suka riƙa jin tsoron kyamara. Ga hana acaɓa da gwamnatin Legas ta yi a wasu ƙananan hukumomi tun Yunin 2022, wanda ya sa mai dawowa da tsakar dare da jita a baya dole ya shiga duk motar da ta tsaya. Haka yaronmu ya shiga waccan danfon.

Kayan ma nasu ne. Jitar tokumbo daga kasuwar Alaba, da ƙaramar amfilifaya da wutar janareta ke iya ƙonawa a dare ɗaya. Idan ba a haɗa waya daidai ba ga ƙasa jiƙe, tsirkiyar kan ja mutum, shi ya sa ba sa tsayawa ba takalmi. Gumi da danshin Legas suna kashe muryar tsirkiya, sabuwa kuma tsada, sai su tafasa tsohuwar a ruwa, dauɗa ta fita, ta ƙara 'yan makonni. Mai Keken ya ce ranar da mahaifiyarsa ta tarar da wayoyin ƙarfe suna tafasa a tukunyarta ta miya, sai da ta kira malami, ta zaci asiri aka yi masa.

Wani abu da ba su faɗa mana ba sai da muka tambaya: aikin da ya fi tabbas ga mai bes a garin nan a coci yake, duk Lahadi, da biya a kan lokaci. An yi wa ukun cikinsu tayi sun ƙi. Akwai kuma wuraren da ake shan giya da suke ƙin zuwa, wani ya maye gurbinsu. Ba mu ce waliyyai ba ne, kuma ba mu bi su ko'ina ba. Amma yaron da yake barin kuɗi a kan tebur saboda addininsa bai cancanci a yi masa kallon ɗan iska ba.

Mun san inda damuwar dattijonmu ta fito, kuma ba raina ta muke yi ba. Malamai da yawa sun hana kayan kiɗa, wasu sun sassauta, mu ba malamai ba ne, ba za mu ba da fatawa a shafin ƙungiya ba. Akwai kuma tsohuwar al'adarmu ta ɗaukar makaɗi da maroƙi a ƙasa, har a hana su aure. Sai dai mu ɗin nan ne muke sa Shata a shago daga safe zuwa dare, Shatan da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa. Mu ne muke alfahari da Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya. Manyanmu kuma sun tuna Bala Miller da ya yi waƙoƙin Hausa da jita da ƙaho. Idan na nesa ne gwani ne, idan ɗan maƙwabci ne sai ya zama abin kunya.

Sannan mun koma mun karanta tsarin asusun daga farko har ƙarshe. Sharaɗi biyu ne: mutum ya kasance yana biya, kuma ya kwanta asibiti. Babu inda aka ce a tambayi daga ina yake. Bara da wani ya faɗi da babur a hanyar da aka hana bi, ba mu tambaya ba. Da wani ya ji rauni a gidan kallon ƙwallo, ba mu tambaya ba. A kan wannan yaron kaɗai muka ƙirƙiro sharaɗi na uku, kuma sakatare da ya fi kowa sanin takardar shi ya yi shiru. Wannan laifin namu ne, mun ɗauka.

An cire masa ɗorin makon jiya. Yana iya riƙe sukundireba, ya koma shago, amma ƙaramin yatsa da na kusa da shi ba sa danna tsirkiya tukuna. An ce sai ya riƙa zuwa gashi da motsa hannu na wasu watanni, kuma kuɗi ne. Makaɗan sun sa wani a gurbinsa na wucin gadi, sun ce wurinsa yana nan. Kuɗin watan da ya wuce ma ya aiko da shi ta hannun ƙanensa, mun rubuta mun ba da rasit, hannunmu yana nauyi.

A taron Lahadi mai zuwa bayan la'asar za mu gabatar da abu biyu: a saki haƙƙinsa na asusu ya yi gashin hannu da shi, kuma a rubuta a fili cewa kwamiti ba shi da hurumin ƙara sharaɗin da babu a tsari. Mun sanar da dattijon namu tun jiya cewa za mu rubuta wannan, ya ce zai zo ya faɗi nasa, muna roƙon a saurare shi da ladabi. Sauran yaran uku ma mun gayyace su. Telan ya tambaya ko ya zo da jitar, muka ce a'a, ya zo da katinsa na ƙungiya.